Maigidana zai yi wasan jirage, na kasa barci

Tambaya: Anti dan Allah ki ban shawara, maigidana matuƙin jirgin yaƙi ne, an sa shi cikin masu wasan jirage a wani biki da ke tafe, wallahi ko barci bana iyawa, yara kuwa sai murna suke wai Abba zai yi alkafura a sama. Daga wata uwargida a Kaduna.

Amsa: 'Yar uwa tsoronki ba shirme bane, a Satumban 2018 jirage 2 ƙirar F-7 sun gogi juna a Abuja wajen atisayen bikin 'yancin kai, matuƙan suka cillo kansu da lema amma ɗaya ya rasu, a wasan jirage na Ramstein ta Jamus ma a 1988 mutum 70 suka mutu, yawancinsu 'yan kallo ne. Haɗarin yana wajen tashi kusa-kusa da yin ƙasa-ƙasa, shi ya sa suke ta maimaita atisaye. Naki dai kar ki tare shi da kuka ko rigimar cefane daren tashi, ki bar shi ya samu barci sosai, ku bi shi da addu'a. Yaran kuma in za ku je kallo a toshe musu kunne, ƙarar ba wasa ba ce.