Amsa: Lauya mai son takarar Majalisar Dokokin Jiha, daga ina zai fara?

Malam, ka tambaya ko sai ɗan'uwanka ya rufe ofishin lauyancinsa kafin ya tsaya takarar majalisar jiha. In mai zaman kansa ne, a'a. In kuwa lauyan gwamnati ne a Ma'aikatar Shari'a, sashe na 107 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta masa ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Ya karɓi kwafin takardar murabus ɗin mai hatimi da kwanan wata, don ita abokan hamayya ke fara nema.

Sashe na 106 bai tsananta ba: ɗan Najeriya, shekara 25 (da 30 ne, aka rage a 2018), ilimin sakandare, sannan jam'iyya ta tsayar da shi. Yin lauya bai ɗauke masa ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ba.

Inda ake faɗuwa shi ne fom ɗin EC9, takardar hukumar zaɓe ta bayanan ɗan takara da ake rantsuwa a kai. Suna ya zo Muhammad a takardar WAEC, Mohammed a ta jami'a, ranar haihuwa kuma ta saɓa. Ya daidaita su tun yanzu.

In aka yi masa maguɗi a fidda gwani, kwana 14 kacal gare shi ya shigar da ƙara. Bayan bayyana sakamakon babban zaɓe, kwana 21 zuwa kotun zaɓe, kuma shari'ar a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa. Saboda haka kowace rumfa ya sa wakilin da ba zai tashi ba sai da kwafin EC8A, takardar sakamakon rumfar, mai sa hannu a aljihunsa.