Me ya sa lissafin mannewar iska a fuskar ƙarfe ke da wuya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne. An ce mana lissafin yadda ƙwayar zarra ke manne wa ƙarfe ba ya yin daidai sai an sa yadda ilektiron ke kauce wa juna. Tunda an san dokokin ilektiron, ga kuma kwamfuta, ina wahalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, dokokin kam an san su tun 1926. Warware su ne aiki, domin motsin kowane ilektiron ya dogara da inda sauran suke a daidai wannan lokaci.

Ɗauki haidurojin. Cire ilektiron ɗinsa na cin eV 13.6 (eV ma'aunin makamashi ne a matakin zarra), amma idan ka ƙara masa na biyu, abin da ake samu bai wuce 0.75 ba. Wannan tazara ta kusan eV 13 ita ce kuɗin da na biyu ke biya don ya tarar da wani a ɗakin. Masana na kiranta U. Kusa da ƙarfe tana raguwa, saboda ilektiron ɗin ƙarfen na taruwa su rage ƙarfin turin, amma ba ta ɓacewa.

Philip Anderson ya tsara wannan lissafi a 1961 don baƙuwar zarra mai maganaɗisu a cikin ƙarfe. A 1969 Dennis Newns ya ɗauko shi ya ɗora a kan haidurojin da ke manne a fuskar ƙarfe. Sai dai Newns ya sauƙaƙa: kowane ilektiron yana ganin matsakaicin kasancewar ɗan'uwansa ne kawai. Kamar a ce maka rabin mutum ne a shago kullum, alhali ko dai akwai mutum ko babu, kuma mai shiga yakan leƙa tukuna. Idan zarrar ta haɗu da ƙarfen sosai, wannan sauƙaƙawa na wadatarwa. Idan U ta rinjayi haɗuwar, lissafin kan ba zarrar maganaɗisu tsayayye, wanda a zahiri ilektiron ɗin ƙarfen ke lulluɓe shi in an yi sanyi sosai. An ga haka a 1998 da zarrar kobal guda a kan zinariya.

Yau yawancin masu bincike na amfani da DFT, hanyar lissafi da yawan ilektiron a kowane wuri maimakon bin su ɗaya-ɗaya, wadda Walter Kohn da abokan aikinsa suka kafa a 1964 da 1965. Tana da sauri, amma kauce wa junan nan kintace take yi. Ga inda ta yi tuntuɓe. Gwaji ya nuna kabon monoksaid (iska mai guba da ke cikin hayaƙin mota), in bai yi yawa ba, a kan zarrar filatinam guda yake tsayawa. Lissafin DFT na yau da kullum kuwa sai ya ce a ramin da ke tsakanin zarra uku yake zama. Peter Feibelman da abokansa sun fito da wannan saɓani fili a 2001. Dalilin shi ne iskar na da wani matakin makamashi da babu ilektiron a cikinsa, lissafin kuma na saukar da shi ƙasa fiye da kima, sai ƙarfen ya zuba masa ilektiron da yawa, ramin kuma ya fi ba da damar hakan.

Kada ka raina bambancin don kashi kaɗan ne cikin goma na eV. A zafin ɗaki, kuskuren eV 0.06 a shingen makamashin da sinadarai ke tsallakewa kafin su sauya na sauya saurin aiki ninki 10. Filatinam ɗin nan kuwa shi ne ke tace hayaƙi a salansar mota, shi ya sa nake ganin wannan ba gardamar masana kaɗai ba ce.

A 2010 rukunin Georg Kresse a Biyana, babban birnin Austriya, ya yi amfani da wata hanya mai suna RPA, wadda ke bin yadda ilektiron ke amsa wa juna, ta kuma mayar da iskar kan zarra guda. Tana cin lokacin kwamfuta ƙwarai, don haka in za ka fara naka aikin, fara da DFT, ka gwada sakamakonta da abin da aka auna a ɗakin gwaji, sannan ka kai wuraren da suka saɓa ga hanya mai tsada.