Faifan "Show Boat" Huɗu, Kuɗin Biyu: Wanne Zan Saya?

*Ina koyar da wasan kwaikwayo a wata kwaleji a Zariya. Zangon nan za mu taɓo tarihin wasan daɓe mai waƙa na Amurka, kuma ina so ɗalibaina su ga "Show Boat" da idonsu. Na duba kasuwar intanet na tarar da faifai har huɗu masu wannan suna, tsawonsu ba ɗaya ba, waƙoƙin ma ba ɗaya ba. Wanne ne na asali? Kuɗin biyu kawai nake da su.*

Malam, ba za ka sami na asali a faifai ba, domin wasan ya fara sauya kama tun kafin a buɗe shi. Jerome Kern ne ya tsara kiɗan, Oscar Hammerstein II ya rubuta labarin da baitoci, suka ɗauko shi daga littafin Edna Ferber na 1926. Da aka gwada shi a Washinton a watan Nuwamba 1927, sai da ya haura awa huɗu. Aka yi ta datsewa har ya dawo girman da ɗan kallo zai iya zama, sannan aka buɗe shi a New York ranar 27 ga Disamba 1927. Daga nan duk daraktan da ya farfaɗo da shi sai ya koma cikin abin da aka zubar ya tsinci wanda ya yi masa, ya yar da wani. Kern da Hammerstein ma da hannunsu suka ƙara sababbin waƙoƙi uku a fim ɗin 1936, suka sake ƙara wata don wasan 1946.

Ga labarin a dunƙule, don mu san abin da muke aunawa. Jirgin wasanni ne mai suna Cotton Blossom yake yawo a kogin Misisipi daga 1887 zuwa 1927. Magnolia, 'yar mai jirgin, ta auri ɗan caca, ya gudu ya bar ta da 'ya. Julie, tauraruwar jirgin, ruwa biyu ce da ke ɓoye asalinta, mijinta kuma farar fata ne, a jihar da irin wannan aure laifi ne. Can gefe kuma ga Joe da matarsa Queenie da sauran baƙaƙen 'yan dako, su ke loda auduga, su ke girki, kuma a bakinsu aka sa waƙar kogin da duniya ta fi sani. Abin da nake aunawa a kowane faifai shi ne nawa aka bar wa waɗannan mutane na gefe. In aka rage su, abin da ya saura labarin soyayya ne da akwai irinsa dubu.

Na farko da za ka saya shi ne na gidan San Francisco Opera, wanda aka ɗauka a kan dandamali a 2014, Francesca Zambello ta ba da umarni, EuroArts ta fitar da shi a DVD da Blu-ray. Wannan shi ne zai nuna wa ɗalibanka aikin daɓe sosai: yadda ake shigo da jirgi guda kan dandamali, yadda ayarin mawaƙa baƙaƙe da na farare ke tsayawa kowa da ɓangarensa, yadda shekara arba'in ke wucewa da sauyin tufafi da haske. Morris Robinson ne Joe, muryarsa kuwa tana da zurfin rijiya. Patricia Racette ta fito a Julie, Bill Irwin kuma kyaftin ɗin jirgin. Aibinsa shi ne yawancinsu mawaƙan opera ne, in sun daina waƙa suka koma magana sai ka ji abin ya ɗan sandare. Wannan ma darasi ne, ka tsayar da faifan ka tambayi ɗalibai me ya sa.

Na biyu shi ne fim ɗin 1936 na James Whale, wanda kamfanin Criterion ya gyara ya fitar a 2020. Na san ba ɗaukar dandamali ba ne, amma babu abin da ya kai shi kusa da mutanen da suka haifi wasan. Hammerstein ne ya rubuta shi. Helen Morgan, Julie ta 1927, ita ce Julie a nan. Charles Winninger, kyaftin na farko, shi ne kyaftin. Paul Robeson, wanda ya yi Joe a Landan a 1928, shi ne ya rera waƙar kogin yana zaune a bakin gaɓa yana fiƙe itace. Na kalli wannan wuri ban san adadi ba, har yau tsigar jikina tana tashi. Ko jirgin ma an yi shi daidai, domin jiragen wasanni na gaske ba su da inji, wani ƙaramin jirgi ne ke tura su.

Sai dai ka shirya ɗalibanka kafin ku kunna. Akwai wurin da Irene Dunne, wadda ta fito a Magnolia, ta shafa baƙi a fuska tana kwaikwayon baƙar fata don ba da dariya, abin da ya zama ruwan dare a dandamalin Amurka na lokacin. Kada ka tsallake shi. Fim ɗin da ya ba Robeson daraja shi ne kuma ya yi wannan, su ga duka biyun. Haka layin farko na waƙar buɗewa: a 1927 da kalmar zagin baƙar fata mafi muni aka fara, a 1936 aka musanya ta da wata mai ɗan sauƙi, a 1946 aka sake sauyawa, wasu kuma suka cire baitin gaba ɗaya. Ana iya cinye lacca guda a kan wannan layi kaɗai. Masu kare kalmar suna cewa Hammerstein ya sa ta ne don ta mari ɗan kallo farar fata. Mawaƙan da aka ce su furta ta da bakinsu kuwa ba duka suka yarda ba. Robeson kansa daga baya ya sauya baitocin waƙar kogin a wasanninsa, inda ake cewa an gaji da rayuwa ya mayar da shi za a ci gaba da gwagwarmaya har mutuwa.

In wani kuɗi ya shigo nan gaba, ka nemi faifan sauti uku da John McGlinn ya jagoranta a 1988 a kamfanin EMI. Ba hoto, amma ya tattaro har waƙoƙin da aka zubar, ciki har da waƙar baƙin ciki da Queenie ke jagoranta kafin asirin Julie ya tonu, wadda aka cire tun gwajin Washinton.

*'Ya'yana mata biyu, 12 da 15, sun saba da finafinan Indiya masu waƙa. Na ga wani "Show Boat" mai kala na 1951, hotonsa gwanin kyau. Ya dace in kunna musu? Daga wata uwa a Kaduna.*

Hajiya, ya dace, kuma za su so shi. Kamfanin MGM ya kashe masa kuɗi, Kathryn Grayson da Howard Keel sun iya waƙa, William Warfield kuma ya rera waƙar kogin da kyau ƙwarai. Akwai caca da shan giya a labarin, amma an nuna su a matsayin abin da ya rusa gida ya kuma lalata Julie.

Sai dai ki sani an yi masa aski. An matse shekara arba'in zuwa 'yan shekaru, ɗan cacan ya dawo tun 'yarsa tana ƙarama, Joe da Queenie kuma sun koma kamar kayan ado a bayan fage. Ava Gardner, farar fata, aka ba matsayin Julie, aka wuce Lena Horne, mawaƙiya baƙar fata da ke son sa, muryar waƙar da ake ji ma ta Annette Warren ce. Wuri ɗaya nake roƙon ki zauna tare da su: inda mijin Julie ya soki yatsarta ya tsotsi jinin, don ya rantse wa ɗan sanda cewa shi ma akwai jinin baƙar fata a jikinsa. Yara ba za su gane ba sai kin gaya musu cewa a can ɗigo ɗaya ya isa a lissafa mutum baƙi, kuma sai a 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin hana irin wannan aure. Babbar, in ta nuna sha'awa, ki nema mata na 1936.

*Yayana yana Amurka, zai aiko mini da faifan. Zai yi aiki a na'urata a Maraɗi? Kuma wani a intanet yana tallar cikakken bidiyon wasan Harold Prince.*

Ƙanena, ka sa ya juya kwalin ya duba lambar yanki. DVD na Amurka yanki na 1 ne, Nijar da Najeriya suna na 5. Blu-ray na Amurka A ne, namu B. Yawancin ƙananan na'urorin DVD na kasuwanninmu ba sa tambayar yanki, amma na Blu-ray suna da taurin kai, don haka in babu alamar duk yankuna a kwalin, ya aiko da DVD.

Na darakta Prince kuwa, riƙe kuɗinka. Wasan ya buɗe a Toronto a 1993, inda baƙaƙen garin suka yi masa zanga-zanga, ya koma New York a 1994 ya ci kyautar Tony biyar, wato babbar kyautar wasan daɓe ta Amurka. Faifan sauti aka fitar masa, abin da mutumin nan ke sayarwa kuwa ɗaukar sata ce daga kujerar 'yan kallo, da kawunan mutane a gaba. In tsohon wasan daɓe kake marmari, wanda aka ɗauka da izini shi ne na Paper Mill Playhouse a New Jersey, da tashar PBS ta nuna a 1989, Eddie Bracken ne kyaftin a ciki.