Tambayi Duba-gari: Warin Kulorin Ba Shaidar Tsafta Ba Ne

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ni ma'aikaci ne, shekarata 41, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina. Ciwon gwiwa ya matsa mini, likita ya ce in rage ƙiba, in bar gudu in koma ninƙaya. Sai na biya kuɗin wata uku a wani gidan motsa jiki da ke da kwamin ninƙaya. Makonnin farko ruwan garau yake. Amma tun da hunturu ya kama sai ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ba a ganin ƙasa a ɓangaren mai zurfi, bango yana santsi, ga warin magani tun daga bakin ƙofa. In na fito idona ya yi jajir. Ɗana mai shekara 9 da nake zuwa da shi ranar Asabar ya fara kukan ciwon kunne. Na yi wa manaja magana, ya ce warin nan shi ne shaidar cewa sun zuba magani da yawa, in kwantar da hankalina. Baba, haka ne? In ci gaba, ko in haƙura da kuɗina?

Daga mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya ba yaron lafiya, kai kuma ya sassauta maka gwiwar.

Kafin komai, kada kai ko yaron ku sake shiga ruwan nan a halin da ka kwatanta. Ruwan da ba a ganin ƙasansa, ko da babu ƙwayar cuta ɗaya a ciki, haɗari ne: in yaro ya nutse, mai tsaron wurin ba zai gan shi ba sai aikin gama ya gama. Wannan kaɗai ya isa a rufe kwami.

Yaron kuma ka kai shi asibiti a duba kunnen. Abin da ka faɗa ya yi kama da kumburin ramin kunne da masu iyo ke samu, idan ruwa ya kwana a ciki fatar ta jiƙe, ƙwayar cuta ta sami wurin zama, musamman wadda likitoci ke kira Sudomonas. Alamarsa ita ce zafin yana ƙaruwa in an ja kunnen. Ana warkewa da maganin ɗigawa, amma likita ne zai zaɓa bayan ya leƙa. A hana shi sosa wa da tsinken ashana ko gashin kaza, kuma kada a tsiyaya masa wani mai a gida.

To, mu zo kan maganar manaja. Ba na jin ya yi niyyar yaudararka. Abin da ya faɗa shi mafi yawan mutane suka yarda da shi, har da masu kula da kwamin kansu. Sai dai gaskiyar a juye take. Ruwan da aka sa wa kulorin daidai, wato maganin nan da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, yake kuma da tsafta, warinsa kaɗan ne ƙwarai. Wannan wari mai hawa kai, mai sa hawaye, yana tashi ne idan kulorin ya haɗu da gumi da fitsari da dauɗar jiki. Haɗuwarsu ke haifar da wani sinadari da ake kira kuloramin. Shi ne ke jan ido, shi ke ƙaiƙayin fata, shi ke tayar wa mai asma tari, kuma ƙarfinsa na kashe ƙwayar cuta bai kai na kulorin ba ko kusa. Wato kulorin ɗin da aka zuba ya riga ya ƙare wajen kokawa da dauɗa, warin da kake ji saura ne. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan maganar ta zauna daram.

Lokacin da nake aikin duba-gari an taɓa kira na wani masauki a nan Katsina, baƙi suna ƙorafi irin naka. Na tarar da yaron da ke kula da kwamin, yaro mai ƙwazo da ladabi, kullum da safe yana kwashe ganye da raga, yana goge bakin ruwa. Na tambaye shi yadda yake sa magani. Ya ɗauko mini gwangwanin madara, ya ce cikinsa biyu yake zubawa duk ranar Juma'a, haka wanda ya gada ya nuna masa. Na ce ina abin gwaji? Bai taɓa ganinsa ba. Na ɗebi ruwan a 'yar kwalba na jefa ƙwayar gwaji, wadda ya kamata ta mai da launin ruwan zuwa ruwan hoda in akwai kulorin mai aiki. Ruwa ya tsaya fari fat kamar ban sa komai ba. Alhali wari ya cika wurin. Yaron nan ya yi shiru yana kallon kwalbar, ni kuma tausayinsa ya kama ni, don ba laifinsa ba ne. An ba shi aiki ba a ba shi ilimin aikin ba.

Abu biyu ake aunawa, kuma ina so ka riƙe lambobinsu. Na farko kulorin mai aiki, wanda bai riga ya haɗu da dauɗa ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kada ya gaza miligiram 1 a kowace lita, kuma yawancin masu kula da kwami suna riƙe shi tsakanin 1 zuwa 3. Na biyu ma'aunin tsamin ruwa da ake rubutawa pH. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 sun sa shi tsakanin 7.2 da 7.8. In ya haura haka kulorin yana yin sanyi, ruwa ya yi dishi-dishi ko da an zuba magani da yawa. In ya yi ƙasa sosai ido ya yi raɗaɗi, ƙarfe ya fara tsatsa. Gwajin ba ya cin minti biyu, kuma ya kamata a yi shi aƙalla sau biyu a rana, a rubuta a littafi.

Gwangwanin madara ba ya aiki saboda lissafin yana bin girman ruwa ne. Kwami mai cin lita 100,000, wato jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25 har guda 4,000, yana buƙatar kusan giram 150 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 cikin 100 kafin ya ɗaga da miligiram 1 kacal. Kuma wannan ba ya daɗewa. Ranar Katsina tana cinye kulorin da ba a sa masa sinadarin kariya ba cikin 'yan sa'o'i, balle a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ga yara sun cika ruwa. Wanda ya zuba ranar Juma'a, kafin Asabar da la'asar babu komai.

Ka ce matsalar ta fara ne da shigowar hunturu, kuma wannan ya nuna mini inda gizo ke saƙa. Ƙurar hazo da ke sauko mana daga Disamba zuwa Fabrairu laushi gare ta kamar garin alkama. Wadda kake sharewa a kan gilashin motarka da safe, irinta ce ta kwana tana zuba cikin ruwan. Kulorin ba ya kawar da ƙura. Aikin matatar ruwa ne, wata babbar tukunya cike da yashi da injin famfo ke tura ruwan ta cikinta. A kwamin jama'a ana so duk ruwan ya zagaya ta matatar cikin kamar sa'a 6, injin kuma ya yi ta aiki. Amma mun san halin da ake ciki: wuta ba ta tsayawa, man janareta ya yi tsada, sai mai wuri ya ce a kunna injin awa biyu da yamma lokacin da mutane ke nan. Sauran yini ruwa yana kwance kamar kududdufi. Santsin da kake ji a bango farkon gansakuka ne da yauƙin ƙwayoyin cuta, kuma sai an sa buroshi an kankare, magani kaɗai ba ya ratsa shi. Ita ma matatar tana cika, dole a riƙa juya ruwa ta baya ana wanke yashin, a hunturu ma fiye da kullum. In wurin da ruwan burtsatse ake cika shi, akwai wani abin kuma: wasu rijiyoyin na da ƙarfe a ruwansu, da ya haɗu da kulorin sai ya yi ja-ja ko kore-kore. Alif da muke sa wa a randa yana taimakawa a nan ma, yana tara laka ta kwanta a zuƙe ta, amma da awo.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Haka ne, ido zai gaya maka ruwan da ya lalace. Abin da ba zai iya gaya maka ba shi ne ruwan da ya yi garau amma yana ɗauke da cuta. A ruwan da kulorin ɗinsa ya kai miligiram 1, ƙwayar Ikolai mai ɓata ciki tana mutuwa cikin ƙasa da minti ɗaya, ta ciwon hanta nau'in A cikin kamar minti 16, Jiyadiya mai sa zawo kamar minti 45. Amma akwai wata mai taurin ɓawo, Kiriftosforidiyom, da ke sa gudawa mai tsanani, tana iya haura kwana 7 da ranta a cikin ruwan da aka kula da shi yadda ya kamata. Shi ya sa in yaro ya yi zawo a kwami ba kwashewa kawai ake yi ba. Fitar da kowa ake yi, a ɗaga kulorin zuwa miligiram 20 a kowace lita a bar shi kusan sa'a 13.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato mu masu shiga. Rabin dauɗar nan mu muke kai ta. Mutum ya gama ɗaga ƙarfe, gumi na tsiyaya, ga man shafawa da turare, sai ya faɗa ruwa da gajeren wandon da ya motsa jiki da shi, wai zai huce. Ɗaurayar minti ɗaya a ƙarƙashin famfo kafin shiga tana kawar da mafi yawan abin da ke jiki. Mai gudawa kada ya shiga, in kuma an tabbatar waccan mai taurin ɓawon ce, ya jira mako biyu bayan ta tsaya. Yara a fito da su su zaga duk bayan awa ɗaya. Kuma mu da muka tashi da karatun tsarki tun muna makarantar allo ba mu da uzuri: hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana mutum ya yi fitsari a ruwan da ba ya gudu sannan ya yi wanka a cikinsa. Ka koya wa ɗanka wannan tun yanzu, ka kuma gaya masa kada ya haɗiye ruwan. Silifas ma ku riƙa sawa a banɗakin wurin, don cin ruwa a tsakanin yatsu nan ake kwasarsa.

Game da kuɗinka, ban ce ka haƙura ba. Koma wurin manaja cikin mutunci, kai da biyu ko uku daga cikin masu zuwa, don murya ɗaya ba ta cika motsa mai kasuwa ba. Ku ce a gwada ruwan a gabanku, ku ga littafin da ake rubuta sakamako, ku tambayi awa nawa injin ke aiki a yini. Kai ma kana iya sayen 'yan takardun gwaji da ake tsomawa a ruwa su canza launi, a wurin masu sayar da kayan gyaran ruwa. Ku nemi a dakatar da lissafin kwanakinku har a gyara. Gyaran ba gagara-badau ba ne: a rufe kwana biyu ko uku, a kankare bango, a wanke matata, a daidaita pH, a zuba kulorin mai yawa lokaci guda da dare don ya ƙone kuloramin ɗin, a rage tsohon ruwa a ƙara sabo. Ku kuma ja kunnen mai kula da wurin kada ya taɓa haɗa garin kulorin da asid, hayaƙin da ke tashi yana iya kisa, kuma garin ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan gari ba. In manaja ya ƙi, sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma aikinsu ne su duba, ku kai ƙorafi a rubuce.

Ranar da ka tsaya a bakin kwamin ka ga magudanar da ke can ƙasa a ɓangaren mai zurfi tar, ka shafa bango ba santsi, ka ji ƙarar injin, gwaji ya nuna lambobin nan, to bismillah. Shawarar likitanka mai kyau ce, ruwa yana ɗauke wa gwiwa nauyi. Kafin nan ka riƙa taka keken motsa jiki a hankali, kada ka zauna haka nan.

TAMBAYA

Baba ina wuni. Daga Daura nake. Yarona yana bin abokansa iyo a kududdufi da damina, yanzu ina ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Kakarsa ta ce girma ne, zai bari. Ko in mai da shi wurin ninƙaya na kuɗi?

Daga wata uwa a Daura.

AMSA

Lafiya lau 'yata. Ki ba Hajiya haƙuri, amma wannan ba girma ba ne. Alamar tsargiya ce, tsutsar da ke fitowa daga dodon koɗin ruwan kwance, kududdufi da bakin dam, ta huda fata ta shiga jiki ba tare da yaro ya sha ruwan ba. In aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara har ta taɓa ƙoda. Ki kai shi a gwada fitsarin a wannan makon. Maganinta Furazikwantel ne, ana auna shi da nauyi ko tsawon yaro, kuma sai ya ci abinci kafin ya sha. A duba abokan nasa ma, don tare suke shiga. Kwamin da ake kula da kulorin ɗinsa ba ya ba da tsargiya, amma ki karanta amsar da na ba ɗan'uwanmu na Katsina kafin ki biya ko sisi, kuma kada ki bar shi ya shiga sai da babba a tsaye a kansa.