Ragon suna a Riyad

Ɗana, barka da arziki. Allah ya raya mana ita, ya ba mai jego lafiya. Saƙonka ya iske ni nan Jidda daren Alhamis. Ka ce albashi bai kai ba, sabunta igama, wato takardar izinin zama, ya ƙarato, ga Yaya tana ta kira daga Wusasa wai kada a kuskura a raɗa wa jikarta suna babu rago. Kana tambaya ko yankan nan dole ne a kanmu Kirista, ko kuwa abu ne da za a iya ɗagawa.

Al'ada ce, kuma mai kyau, ban raina ta ba. Amma ka san inda muka samo ta. 'Yan'uwanmu Musulmi suna yanka ran bakwai domin addininsu ya koyar da haka. Mu da muka fito tsatso ɗaya da su sai muka riƙe ragon, muka haɗa shi da addu'ar fasto da waƙar mata zumunta. A gida abin da sauƙi, ɗan rago yana ɗaure a bayan ɗaki tun cikin yana wata uku, dangi kuma kowa ya kawo gudunmawa. Kai kana hawa na uku a gidan haya, dangin naka suna cikin waya.

Buɗe Luka sura 2. Ran takwas aka yi wa Yesu kaciya, aka raɗa masa suna. Da kwanakin tsarkakewa suka cika, Yusufu da Maryamu suka kai shi Haikali a Urushalima, da hadayar kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu. Sai ka koma Littafin Firistoci sura 12. Abin da Shari'a ta fara faɗa ɗan rago ne bana ɗaya; tsuntsaye biyun nan rangwame ne ga macen da hannunta bai kai ga rago ba. Ka gani? Gidan da Allah ya zaɓa ya reni Ɗansa ba su da kuɗin rago, kuma ba a rubuta cewa kafintan ya je ya ci bashi don ya fita kunyar mutanen Nazarat ba. Na yi shekaru ina karanta wurin nan ban lura ba, sai da bashi ya buɗe mini ido.

Lokacin da aka haifi babban yayanku, na ranto kuɗi wurin wani abokin aiki na sayi sawakini, irin ragunan nan da ake haurowa da su daga Sudan. Aka ci, aka yaba, kafin la'asar ko ƙashi babu. Wata bakwai ina biya. Mutumin da muke cin abinci kwano ɗaya, na koma ina canza hanya in na hango shi. A ƙarshe innarka ta cire 'yan kunnenta na aure ta sayar, ba ta ce mini uffan ba, shirun nan kuwa har yau yana damuna. Sunan autarmu kaji biyu muka yanka, aka dafa kabsa, shinkafar nan ta Larabawa. Ita ce yanzu take aiko mana da kuɗin magani.

Ku naku zamanin ma ya fi tsanani. Mu ba mu san kuɗin zaman iyali ba. A Yulin 2017 aka fara shi da riyal 100 a wata kan kowane mutum, kafin 2020 ta ƙare ya kai 400. Matarka da yara uku yanzu, riyal 1,600 ke nan duk wata tun ba a sayi ko madara ba. Wanda ke ɗauke da wannan ba a ƙara masa rago don a ji daɗin hoto.

Ba ina cewa ka so talauci ba ne. Nemi ƙarin aiki in kafili, wato mai gidan da ya tsaya maka a ƙasar, ya yarda, ka yi adashi. Amma wadar zuci koyonta ake yi. Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa. Ya ce wa Timoti kuma in akwai ci da sutura, sun isa. Koya ya ce, ke nan shi ma ba da ita aka haife shi ba.

Ga abin da za ka yi. Sa sunan ran Juma'a tunda ita ce ranar hutu. Kira 'yan'uwan da kuke taruwa a ɗaki, a yi waƙa ƙasa-ƙasa, ka san inda muke, ba coci a ƙasar nan. Fasto ya yi addu'a ta WhatsApp, Yaya tana kallo. Je kasuwar Batha ka sayo kaji da shinkafa, ka aika wa maƙwabtanku Hausawa kwano, su ne za su fara ƙwanƙwasa ƙofa ranar da yaro ya yi zazzaɓi. Abin da ya rage ka kashe shi kan mai jego: farfesu, kunun kanwa, ruwan zafi safe da yamma har ta yi arba'in.

Yaya kuwa ka bar ni da ita, ƙanenta ne ni, na san bakin zaren. Zan ce mata in kun je hutu za a yi godiya a coci, ragon ya jira can inda za ta ci da haƙoranta. Na turo riyal 200 ta hannun direban da zai shigo Riyad ran Talata, na mai jego ne, kada ka taɓa. Ka faɗa mini sunan da kuka zaɓa kafin Yaya ta riga ni ji.