Baffanmu Ya Hana A Kai Baba Asibiti, Wai Tsufa Ba Shi Da Magani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya haura shekara 80, fitsari na yi masa wuya, cikin makon nan kuma ya fara rikicewa, har yana kiranmu da sunayen waɗanda suka rasu. Baffanmu ya hana a kai shi asibiti, ya ce hadisi ya ce tsufa ba shi da magani. Yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya. Ku kai shi asibiti yau, ɗana, wajibi ne a kanku.

Abin da na riƙe a maganarka shi ne ruɗewar ta zo cikin mako guda. Gigin tsufa a hankali yake shiga. Wanda ya zo farat ɗaya tare da wahalar fitsari galibi ciwo ne ke ƙarƙashinsa, kuma ana maganinsa. Da yana cikin hayyacinsa ya ƙi da bakinsa, da sai lallashi. Yanzu amanar tana wuyanku.

Hadisin da Baffa ke nufi, na sahabi Usama bin Sharik, ingantacce ne, amma ya ajiye shi inda ba muhallinsa ba. Farkonsa umarni ne da neman magani. Abin da aka toge shi ne tsufan kansa, babu mai mayar da ɗan 80 saurayi. Ciwon da ya sami tsoho kuwa ciwo ne. Likitocin Musulmi na farko haka suka gane. Ibnul Jazzar na Ƙairawan (a Tunisiya ta yau), a ƙarni na 10, littafi guda ya ware kan lafiyar tsofaffi. Ibn Sina ya yi babi a cikin littafinsa Al-Ƙanun kan abincinsu, barcinsu, shafa musu mai da taurin cikinsu. A Ingila ma, a 1935, likita Marjory Warren ta karɓi ɗaruruwan tsofaffin da aka fid da rai da su suna kwance. Da ta duba su ɗaya bayan ɗaya, da yawa suka miƙe, wasu har suka koma gida.

Kada ka ɗaga wa Baffa murya, tausayin ɗan'uwansa ne ya sa shi faɗin haka. Ka roƙe shi ya raka ku. Ku tattara duk magungunan da Baba yake sha, har na gargajiya, ku nuna wa likita. In tufafinsa sun ɓaci, ɗansa namiji ya gyara shi a ɗaki, kada jikoki su gani. Wallahu a'alam.