Amsa ga ƙanena na Jos mai son zuwa Kanada koyon gyaran tarakta da katafila

Wa alaikumus salam, ƙanena. Saƙonka ya iso. Ka ce ka gama sakandare, kana zuwa garejin wani oga a Farin Gada inda ake gyaran tifa, kuma wani ejan ya yi maka alkawarin makarantar kanikancin manyan injuna a Kanada, wai kana sauka aiki na jiranka. Kana tambaya ko a sayar da filin gida a biya shi.

Kada a sayar. Sana'ar kam tana ci a nan lardin Alberta na Kanada, a wannan bai yi maka ƙarya ba. Hanyar shigarta ce ba yadda ya faɗa maka take ba.

A nan ma a hannun oga ake koyonta, sai dai komai a rubuce yake. Kamfani ne zai ɗauke ka, a yi maka rajista da gwamnatin lardi, ka yi shekara huɗu. Kowace shekara za ka yi sama da awa 1,500 a bakin aiki ana biyanka albashi, sannan sati takwas a aji, a kwalejin NAIT da ke Edmonton ko ta SAIT da ke Calgary ko Olds College. In ka gama sai jarrabawar Red Seal, wadda sai da maki 70 cikin 100 ake cin ta, da ita kuma sauran larduna za su karɓe ka. Ka ga ke nan mabuɗin yana hannun kamfani, shi kuwa kamfani ba ya ɗaukar wanda ba shi da izinin aiki.

Akwai kwasa-kwasan shekara ɗaya ko biyu da ke karɓar baƙi, amma kuɗin makarantar baƙo ya ninka na ɗan ƙasa. Daga Janairun 2024 gwamnati ta taƙaita yawan bizar karatu, ta kuma ce sai ɗalibi ya nuna dalar Kanada 20,635 ta ci da sha, ban da kuɗin makaranta da na jirgi. A Satumban 2025 aka ɗaga zuwa 22,895. Ka buga da canjin yau, ka ga ko filin zai kai.

Ƙofar da ta fi dacewa da irinka ita ce ta masu sana'ar hannu a tsarin Express Entry, wanda ta cikinsa Kanada ke ba ƙwararru izinin zama na dindindin. Suna neman shekara biyu ta cikakken aiki wanda aka biya ka a cikin shekaru biyar na baya, da jarrabawar Turanci irin IELTS, da tayin aiki na aƙalla shekara ɗaya ko takardar ƙwarewa daga wani lardi. Cika sharuɗɗan ma ba shiga ba ne, gasa ake da maki. To a nan yaranmu ke faɗuwa. Mutum ya shekara goma yana sauke injin yana mayarwa, amma ba shi da ko fallen takarda, don oga "na sabulu" yake ba shi a hannu. A idon jami'in biza wannan bai taɓa riƙe sifana ba.

Shi ya sa nake ganin aikinka na yanzu a Jos yake. Hedikwatar ITF, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu, tana nan kan titin Miyango, ka je ka tambayi horon da suke da shi. Ka zauna jarrabawar NABTEB ta fannin fasaha da sana'a, ka yi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago daga mataki na uku har na ɗaya. Daga nan ka nemi wurin da ake taɓa manyan injuna da gaske: kamfanin aikin titi, ko masu haƙar kuza, ko dillali irin Mantrac da ke riƙe da Caterpillar. Ko albashin bai taka kara ya karya ba, ya riƙa shigowa ta banki, a kuma rubuta maka wasiƙa mai ɗauke da muƙaminka da ayyukanka da awanninka.

Sannan ka kama wayarin da haidirolik da hannu biyu. Kunnen bakaniken gida, wanda daga ƙarar inji yake gane ciwonsa, abin alfahari ne, amma a nan bai isa ba. A watan Satumba motar girbi ta John Deere za ta tsaya cak a tsakiyar gonar alkama, manomi yana kallon sama don ƙanƙara na iya sauka kowane lokaci. Kai kuma ka iso da kwamfuta ka jona, ta ba ka lambar matsala, ka buɗe zanen wayoyi kana bi da mita, waya bayan waya. Sau da yawa ƙarshenta ɓera ne ya gwagwiyi waya guda a ƙarƙashin kujera. Wanda bai iya karanta zanen ba zai yi ta canja kaya masu tsada a banza, kuma ba ya daɗewa a wajen.

Wani abu da za ka bari tun yau: shafa tiyon haidirolik da hannu don neman inda yake yoyo. Kwali ake karawa. Man yana fita da ƙarfin da zai huda fata, ka ga ɗan tabo kamar na allura, washegari ana maganar yanke yatsa.

Sanyin Jos da kuke tinƙaho da shi, ka ajiye shi gefe. A Janairu nan ana kaiwa 30 ƙasa da sifiri, ƙarfe yana manne wa fata, kuma akwatin kayan aiki yawanci kai za ka saya da kuɗinka.

Shi kuwa ejan, ka nemi lambar lasisinsa ta hukumar CICC mai kula da ejan-ejan na shige da ficen Kanada, da lambar DLI ta makarantar wadda ke nuna an amince mata ta karɓi ɗalibai baƙi, ka duba su da kanka a intanet, sannan ka turo min in gani. Ka gaida Baba da mutanen gida.